Gyara Saɓanin arm64 da x86_64 Yayin Girka Node.js

Ka yi tambaya a kan dalilin da ya sa aikinka na Node.js (manhajar gudanar da JavaScript) ya ƙi tashi a sabuwar kwamfutarka ta Mac mai M1, yana nuna cewa fayilolin x86_64 (tsarin masarrafar Intel) ne alhali arm64 (tsarin masarrafar M1) ake buƙata. Tushen matsalar shi ne, wasu manhajojin da ke cikin node_modules (jakar da ke ɗauke da manhajojin da aikinka ya dogara da su), irin su esbuild, an harhaɗa su ne domin nau'in masarrafa guda, saboda haka idan ka kwafo su daga kwamfuta mai Intel ba za su dace da sabuwar ba.

Fara da rubuta `node -p process.arch`. Idan amsar ta fito x64, to Node ɗinka na Intel ne, yana gudana ne ta Rosetta 2 (manhajar Apple da ke ba manhajojin Intel damar aiki a kan M1), kuma a ganina gara ka cire shi, ka girka sigar 16 ko wata daga cikin waɗanda suka biyo bayanta, domin daga wannan sigar ta 2021 aka fara fitar da Node na musamman don masarrafar Apple. Bayan nan ka goge node_modules gaba ɗaya, ka sake `npm install`.

Idan ta Homebrew (manhajar girka manhajoji a Mac) kake girka Node, ka kuma duba inda yake, domin na arm64 yana zama a /opt/homebrew, na Intel kuwa a /usr/local.