Tambaya da Amsa: Wa Ya Zana Duniyar da Ke Cikin Wasannin Kwamfuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana yin wasan Minecraft, kuma ya ce mini duk lokacin da ya fara sabon wasa sai ya tarar da wata ƙasa daban, da tsaunukanta da dazuzzukanta da tekunanta. Shin mutane ne suka zauna suka zana duk waɗannan wurare? Idan haka ne, a ina aka adana su, alhali wasan bai ci wuri mai yawa a na'urar ba? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Babu wanda ya zana wuraren nan ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a adana su a ko'ina ba kafin ɗanki ya isa gare su. Abin da masu wasan suka rubuta shi ne ƙa'idojin lissafi, kwamfuta kuwa ita ce take bin ƙa'idojin tana gina ƙasar a daidai lokacin da ake bukatarta. Wannan dabara ita ce ƙirƙira ta hanyar ƙa'idoji.

Tushen aikin wata lamba ce da masu wasa suke kira iri, wato irin shuka, kuma sunan ya dace da ita ƙwarai. Ana zuba wannan lamba cikin lissafi, sai ya fitar da dogon jerin lambobi masu kama da an tsince su ne kara-zube, alhali kowace ɗaya daga cikinsu ta fito ne daga wadda ta gabace ta. Daga jerin nan ake yanke tsayin tudu da zurfin ruwa da inda bishiya za ta tsaya. Shi ya sa idan ɗanki ya ba abokinsa lambar irinsa, kuma zubin wasansu ɗaya ne, abokin zai tarar da tsaunin nan a inda shi ma ya tarar da shi. Minecraft yana gina ƙasar ne yanki-yanki, kowane yanki mai faɗin tubali 16 da tsawon tubali 16, kuma sai mai wasa ya kusanci wuri sannan a gina shi a adana.

Ƙarancin wuri ne ya ba dabarar ƙarfi tun farko. A shekarar 1984 David Braben da Ian Bell suka fitar da wasan Elite a kan kwamfutar BBC Micro ta Ingila, wadda ma'adanarta ba ta wuce kilobait 32 ba, amma duk da haka suka samar da rukunin taurari 8, kowanne da duniyoyi 256, domin kuwa sunan kowace duniya da yanayinta ana lissafa su ne daga 'yan lambobi kaɗan. Kafin shi, wasan Rogue na 1980 yana sake tsara ɗakunansa duk lokacin da aka fara shi.

Akwai wata matsala da lambobin kara-zube suke haifarwa: idan aka bi su yadda suke, sai a ga tsauni ya miƙe dab da rami ba tare da gangare ba. Ken Perlin ya samar da lissafin da ke sa lambobin da ke maƙwabtaka su yi kusa da juna a 1983, ta yadda ƙasa take hawa da sauka a hankali kamar ta gaske, kuma har yau ana amfani da shi da ire-irensa wajen tsara tuddai da gizagizai.

A ganina, yawan wurare ba shi ne gwaninta ba. Wasan No Man's Sky ya fito a 2016 da duniyoyi fiye da biliyan 18 sau biliyan ɗaya, amma da yawa daga waɗanda suka fara buga shi sun koka cewa bayan sun ziyarci kaɗan, sauran duk sun zama kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. Kamfanin Hello Games, wanda ya ƙirƙiri wasan, ya shafe shekaru yana ƙara wa wasan sababbin ƙa'idoji da abubuwan yi kafin ra'ayin jama'a a kansa ya sauya.