Me ya sa koci ba ya haɗa gwanayen 'yan bayansa wuri ɗaya?

Ɗan'uwa, ka ce abin da ke ba ka haushi a hokin ƙanƙara shi ne koci ya raba 'yan bayansa biyu mafi ƙwarewa, kowa da abokinsa daban. Da dalilinsa.

A gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, ƙungiya kan shiga wasa da 'yan baya 6, bibbiyu kashi uku, wasan kuma minti 60 ne. Biyun farko ba su cika wuce minti 25 ba. To sauran lokacin wa zai tsare gida? In ka tara gwanayen wuri ɗaya, da zarar sun fita hutu abokan hamayya za su sako zaratansu, balle in a gidansu ake wasan, inda su ke da damar canjin ƙarshe, wato in an tsai da wasa sai sun ga 'yan wasan da ka sako kafin su zaɓi nasu.

Sai batun hannu. Ana so mai buga sanda ta hagu ya tsaya hagu, na dama a dama, don ya karɓi faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo a jikin katangar fili ya miƙa gaba ba tare da ya juya ba. Na dama kuwa sun yi ƙaranci, shi ya sa wani matsakaicin ɗan wasa kan samu gurbi alhali wanda ya fi shi na zaune a benci.

Amma fa rabawar ba doka ba ce. Ƙungiyar Colorado ta haɗa gwanayen 'yan bayanta Cale Makar da Devon Toews, ta ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakaran NHL, a 2022. Ni dai a ganina, in biyunka na tsakiya za su iya riƙe wuta, haɗa gwanayen kawai.