Kada ka bari injin nan ya bar gidanku

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Na ga tambayarka tun da safe, cewa ya bar muku Marsandi 280SL ta 1982, bakanike ya ce a cire injinta a sa na Toyota, a fesa mata baƙin fenti a ɗora manyan rim, kana kuma son sanin ko hakan zai taɓa kuɗinta ranar sayarwa. Wallahi kasa haƙuri na yi sai da na zauna na rubuto maka, domin abin da ake shirin yi maka shi aka yi mini, har yau kuma in na tuna sai raina ya ɓaci.

Zai taɓa kuɗinta, ba kaɗan ba. Mai sayen irin wannan mota ba gudu yake nema ba, ba kuma sauƙin mai ba, da su yake so da Corolla zai saya. Abin da yake biya shi ne motar tana nan yadda ta fito daga Jamus. Kamar ka gaji riga aska takwas ta kakanka ce, ɗinkin hannu na cikin birni, ka kai wa tela ya farke aikin ya maye da na keke: za ta sawu, amma wanda ya san riga ba zai taya ba.

Tawa ta 1979 ce, ruwan madara, daga hannun Baffana na same ta, shi ya shigo da ita lokacin yana aiki a Samaru. Ciwonta irin na taka ne: in ta yi zafi ka kashe sai ta ƙi tashi, ga baƙin hayaƙi, ga shan mai. Na kai ta wurin wani bakanike ɗan unguwarmu, mutumin da muka taso tare, sahu ɗaya muke sallah. Muka yi magana baki da baki: a sa injin Toyota na wucin gadi, kada a yanka komai a jikinta, injina kuma a ɗora a amalanke a kai mini gida in gyara shi a hankali. Ya dafa ƙirji ya ce in dai shi ne in kwantar da hankalina. Tafiyar aiki ta kama ni. Da na dawo na leƙa ƙarƙashinta, jama'a, sai da ƙafafuna suka yi sanyi. An sa wutar walda an datse mazaunin inji, an faɗaɗa ramin giya da guduma, an yanke forfela an ɗinke ta a karkace. Wayoyin da suka shekara fiye da talatin ba wanda ya taɓa su, an kama su dami guda an guntule, agogon dashbod duk sun mutu sai na mai. Na ce to ina injina? Ya ce yana nan. Kullum yana nan, gobe, jibi, yaron da ke da makullin shago ya tafi ƙauye. Ranar da na gane gaskiya, ina tsaye a garejin sai na hangi wani yaro a tsugune yana wanke notina da fetur a cikin wani kasko mai tsawo. Na matsa kusa. Murfin saman injina ne, mai tozo biyu ɗin nan, an kifa shi an mayar da shi kwanon wanki. Ashe kan injin an sayar wa wani mai Marsandi 280E, gangar jikin kuma 'yan gwangwan sun auna a sikeli sun tafi da ita. Ka san abin da ya ce mini? "Alhaji, ai taimakonka na yi, wannan tsohon ƙarfen me za ka yi da shi?" Ko a jikinsa, har da murmushi. Na so in kai maganar gaba, dattawan unguwa suka shiga, liman ya kira ni, aka ce zumunci, aka ce maƙwabtaka, aka ce a bar wa Allah. Na bari. Amma ko sisi bai ba ni ba, ko "yi haƙuri" bai furta ba, kuma har yanzu in mun haɗu a masallaci shi ke fara miƙo mini hannu kamar ba abin da ya faru. Wannan miƙo hannun ya fi asarar ci mini rai.

Da buƙata ta taso na sa ta a kasuwa, dillali ya samo wani daga Legas mai tara tsofaffin motoci. A waya ya ambaci kuɗin da ban taɓa zato ba. Ya zo da tocila da ɗan maganaɗisu, ko makulli bai karɓa ba. Ya duba lambar shasi ya ga 107042, ya gyaɗa kai. Ya sunkuya neman lambar inji, wadda ya kamata ta fara da 110, ya ga Toyota, ya rufe bonet a hankali. Shi ya fahimtar da ni cewa kowace Marsandi tana da katin haihuwarta a kamfani, da lambar injinta da lambar fentinta da duk abin da aka sa mata, masu saye kuma da shi suke gwada mota. Ya ce da injin na asali yana ajiye ko a zaure ne, ko a mace, da mun daidaita. Ƙarshe rufin ƙarfenta da ake cirewa da bamba da fitilu kawai ya taya. Na ce albarka. Wani matashi na sallama wa daga baya, kuɗin bai kai rabin na farko ba.

Ka sani ba wai motar ta yi ƙaranci a duniya ba ne, daga 1971 zuwa 1989 an ƙera irin wannan bodin fiye da 237,000, mafi yawa Amurka suka tafi. Shi ya sa mai kuɗi ba zai tsaya kan wadda aka yanka ba, akwai wata a gaba. Amma taka tana da abin da ake so: 280SL ba a sayar da ita a Amurka ta hannun kamfani ba, don haka siririyar bambar Turai gare ta da dogayen fitilu, ba ƙatuwar bambar da dokar can ta tilasta daga 1974 ba. In kuwa giyar hannu ce, to ka riƙe ta da kyau. A Jamus ma motar da ta kai shekara 30 ana ba ta lamba ta musamman mai harafin H, da sauƙin haraji, amma sai in tana kan asalinta. Injin Toyota ya rufe mata wannan ƙofar.

Ni fa ban yarda injinka ya mutu ba. M110 ne, silinda shida, inji mai jimiri. Yawancin abin da ke damunsa ba shi ba ne, hanyar mai ce. K-Jetronic gare shi, injekta ce mai aiki da ƙarfin turin mai, ba ta son datti ko kaɗan, motar da ta daɗe a ajiye kuwa tankinta ya yi tsatsa, ga fetur ɗin bumburutu. A sauke tanki a wanke, a canza filta da famfo da ɗan tulun da ke riƙe ƙarfin mai a kusa da famfon, shi ne sau da yawa ke hana ta tashi da zafi. Duk wanda ya ce zai gyara maka ba shi da agogon auna ƙarfin mai, ɗauki motarka ka tafi. Wanda ya ce a mayar da ita kafireto ma haka. Kayan injin ba su gagara ba, shi ne a 280E da 280SE, ka bincika Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, in ya ƙi a aika kasuwar Ladipo a Legas.

Fenti kuma, akwai ɗan faranti kusa da lagireto mai lambar kalarta, a haɗa wannan kalar, baƙin nan ka bar shi. Kafin ma fenti ka buɗe murfin fankar da ke ƙasan gilashin gaba ka haska. Nan ne ciwon wannan motar. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya su toshe magudanar, ruwan Agusta ya kwanta, ƙarfen ya ruɓe ta ciki, kai sai dai ka ji kafet ya jiƙe. Kuɗin manyan rim ɗin nan ka zuba su a nan. Rim ɗinta inci 14 ne, da hanyoyinmu ma sun fi, wa zai bi ramukan Sabon Gari da siririyar taya? Birki, shakazoba, robobi, taya, ƙarin fanka saboda zafin Afrilu, duk ka sabunta, ba mai rage maka ko kobo a kansu. Rediyon Becker in yana nan kada a ɓarke dashbod don allo. Abin da notin ya ɗaure, notin zai kwance, wannan da sauƙi. Wutar walda ce ba ta da komowa.

Wani abu da ba ka tambaya ba, amma ka ce "ya bar mana". An raba gadon kuwa? In ba a raba ba, motar ba taka ba ce kai kaɗai, akwai haƙƙin Hajiya da ƙannenka mata a ciki, kuma duk abin da ya rage mata daraja daga rabonsu ya rage. A sa wanda ya san irinta ya yi mata kuɗi tukuna, ba dillalin bakin titi da zai kira ta akwala ba. Na ga gidan da tsohuwar mota ta raba wa da ƙani, abin ba kyau.

In ta zama rabonka kuma ka riga ka yanke sai ka sa na Toyota, motarka ce, amma ka tsaya a kansu da ƙafarka, a ɗora injin Baba a mota a gabanka da giyarsa da wayoyinsa, ka bi shi har gida, a zuba masa mai a lulluɓe. Takardun kwastan da tsofaffin rasit na Baba ka adana su, lambar sabon injin kuma a shigar da ita a takarda. Ka turo mana hoton farantin nan da na cikin bonet yau, kafin ka sake komawa garejin.