Yaya, ga amsarki kan yoga da mu 'yan Zango

Yaya, jiya a tsakar gida da kika ce "wai ke bautar Indiyawa kike koyarwa a Gana?" hayaniyar biki ba ta bar ni na amsa ba, kuma na san ba yogar kaɗai ake wa dariya ba, har da mu 'yan Zango, unguwar Hausawa ta Kumasi, gaba ɗaya.

Gaskiya ne daga Indiya abin ya fito, kuma asalinsa a cakuɗe yake da addininsu, ban taɓa musu ba. Ai a 2008 majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulminsu yi saboda waƙe-waƙen bautar da ake cusawa ciki. To ni waɗannan ba sa shiga ajina, ba ambaton wani abin bauta, ba gaisuwar rana, ba haɗa tafi a rusuna wa kowa. Miƙa ce da numfashi. Ni ma ciwon baya ne ya kai ni, bayan haihuwata ta biyu ga zaman keken ɗinki dare da rana, har ta kai sai na dafa bango nake tashi daga sujada, sai wata mata da ta yi karatun abin a Indiya ta fara koya min, tun ranar farko na ce mata ni Musulma ce ga iyakata, ta ce ba komai.

Matan da ke zuwa wajena masu koko da ƙosai ne na unguwannin Aboabo da Asawase, masu wuni a tsugune gaban murhu, sai 'yan matan da ke dako a ka a kasuwar Kejetia. Tabarma, dogon wando, riga mai faɗi, ƙofa a rufe ba namiji. Abu na farko da nake sa su shi ne su durƙusa da hannu da gwiwa, a ja numfashi ta hanci ciki ya sauka, a fitar a hankali baya ya yi doro, kuma hankalin mace ya tsaya kan inda ke ja a jikinta, ba kan cefanen gobe ba. Wannan tsayar da hankalin shi ya fi wuya wallahi. Inda ya ja a ɗan dakata, inda ya soka a bari nan take, wadda gwiwarta ta kumbura kuwa asibiti nake tura ta. Ba ruwana da tsayuwa da ka irin ta hotunan Instagram, burina Hajiya ta iya zaman tahiya ba ta cije baki ba. Kuma ku Kanawa da kuka fi kowa kallon fim ɗin Indiya, ni ce za ku tsare da tambaya?

Sai ɗaya maganar, wai mun zama Tonawa, wato mutanen Asante. Yaya kakanmu fa ɗaya ne. Fataucin goro ya fitar da shi daga Kano kamar dubban mutanen da suka riƙa fita tun zamanin da ayari ke zuwa Salga a ƙasar Gwanja, da yaƙin 1892 ya watsa kasuwar fatake suka bazu Kete-Krachi da Kumasi da Akara. Alhaji Umaru na Krachi da ake ji da iliminsa da waƙoƙinsa a Gana, a Kano aka haife shi. Alhassan Ɗantata ma ya yi zaman can yana goro kafin ya dawo, ban ji an ce ya daina zama Bahaushe ba. Abin da ya raba gidanmu biyu dokar firaministan Gana Busia ce ta 1969 da ta kori baƙin da ba su da takarda, kakarki uwargida ta kwaso 'ya'yanta suka dawo nan, tawa kakar amarya 'yar Asante ce da ta musulunta, ita ta riƙe gidan na Zango. Baba ya ce ita ke tashinsu makarantar allo da asuba da bulala a hannu, kuma da yake su Asante gadonsu ta ɗakin uwa yake bi, danginta sun so janye yaran, ta ce a'a na ubansu ne.

Eh, Hausarmu ta sha Turanci da Tuwi, yaren Asante, wasunmu ma sukan ce wa mace "ya zo", ku yi ta dariya. Amma muna da Sarkin Zango, muna lefe da kamu da suna, a masallatan Zango da Hausa ake tafsirin azumi, babban limamin ƙasar Gana Shehu Usman Nuhu Sharubutu ma da Hausa yake wa'azi. Can ana kiranmu baƙi, nan kuma in mun zo sai a ce 'yan Gana.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na bara, da wani yaro ɗan nan cikin birni ya nemi ƙanwata, komai ya daidaita, sai iyayensa suka aiko bincike suka ji akwai Batoniya a dangi, shi ke nan maganar ta mutu. Ba wanda ya tambayi izu nawa yarinyar ta haddace.