Wayarka ce ko ta oga?

Tambaya: Salamu alaikum, Injiniya. Ina aikin kai kaya a wani kamfani a Wuse, Abuja. Sun sa mun saukar da wata manhaja a wayoyinmu, wai ta sa hannu in mun zo aiki. Ranar Lahadi na je ɗaurin aure Zuba, da safen Litinin oga ya ce min "ya taro?", alhali ban faɗa wa kowa ba. Ya aka yi? Daga Kubwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ai kai ka faɗa masa, ɗan'uwa, da yatsanka. Ranar da manhajar ta nemi izinin sanin inda kake, "koyaushe" ka danna. Wannan ɗabi'a tana ci min tuwo a ƙwarya. Mutum zai tsaya ciniki a kasuwa kan tumatir ɗin naira ɗari biyu, amma manhaja ta nemi lambobinsa, hotunansa, makirufo, sai ya dinga dannawa kamar mai cewa amin a bayan liman.

Shiga saiti ka mayar da izinin zuwa "lokacin amfani kawai". Sannan duba jerin manhajojin da aka ba ikon sarrafa wayar. In tana ciki, mai yiwuwa za su iya kulle wayar ko goge ta daga ofis. A Android, ka nemi su sa ta a sashen aiki, wanda manhajojinsa ke ɗauke da alamar 'yar jaka. Shi ana iya kashe shi in an tashi.

Bibiyar babur ɗin kamfani a lokacin aiki haƙƙinsu ne, dukiyarsu ce. Bin sawunka ranar hutu kuwa leƙen asiri ne. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, har da gidansa da hirarsa ta waya. Dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta ce a sanar da mutum abin da ake tattarawa da dalilinsa, kar a wuce abin da ake buƙata. Za su ce ai ka amince. Wanda ke tsoron takardar sallama, wace amincewa gare shi? A Jamus, cikin 2020, an ci kamfanin tufafi na H&M tarar Yuro miliyan 35 saboda adana bayanan rashin lafiya da matsalolin iyalin ma'aikatansa.

Rubuta musu cikin ladabi ka tambayi abin da suka ajiye a kanka, doka ta ba ka damar sani. In sun yi kunnen ƙashi, Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa tana nan Abuja. Amma shawarata dai ta kullum ce: leƙa kasuwar wayoyi ta Banex ka sayi ƙaramar waya ta aiki, in an tashi ka kashe ta ka jefa a aljihun tebur.

Tambaya: In na hau wayifai ɗin ofis, za su iya karanta saƙonnina na WhatsApp? Wata 'yar'uwa daga Garki.

Amsa: A'a, Hajiya, saƙonnin a kulle suke tafiya. Sai dai in kin buɗe shi a kwamfutar ofis, kuma sun sa mata manhajar ɗaukar hoton allo, za ta ga duk abin da idonki ya gani.

Tambaya: Ina neman wani aikin da kwamfutar ofis, amma a shafin sirri na Chrome. Na tsira? Daga Nyanya.

Amsa: Ba ka tsira ba, Malam. Shafin sirri tarihin bincike kawai yake ƙin ajiyewa a kwamfutar, masu kula da intanet ɗin ofis suna ganin inda ka shiga. Sayi data ta ɗari biyar ka nema da wayarka, kafin su riga ka sanin ranar tafiyarka.