Likita, zakaran gwajin dafi za su mayar da Yayata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, ya aiki ya haƙuri da mu. Yayata ce take aure a Amurka, jihar Ohio, watan jiya aka gano tana da sankarar mama, to asibitin da take zuwa ba wani babba ba ne, irin na unguwa ne dai da likitocin ciwon daji huɗu ko biyar, shi ne likitanta ya ce akwai binciken wani sabon magani da suke ciki ko za ta shiga. Hajiyarmu tunda ta ji ta kasa barci, ta ce ita dai ba da 'yarta ba, mu 'yan Kano mun ga abin da gwajin magani ya yi wa yara. Ni kuma abin da ya ɗaure min kai, ƙaramin asibiti ina shi ina bincike?
Maman Ilham, daga Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya ba Yaya lafiya ya sa kaffara ce. Gaskiya ban ga laifin Hajiya ba. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, IDH, nan Kano, yara wajen 200 aka saka a binciken, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a sai 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara ai ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Amma zancen ƙanƙantar asibitin kam ki cire shi daga ranki. A can yawancin masu ciwon daji a irin waɗannan asibitocin kusa da gida ake kula da su, ba a manyan na jami'a ba, shi ya sa cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasar, NCI, tun 1983 take kai bincike wajensu, a 2014 ta sabunta tsarin da suna NCORP. Ba likitan ne ya haɗa maganin a bayan ofis ba fa, tsarin a rubuce yake zuwa, iri ɗaya da wanda ake bi a ɗaruruwan asibitoci, akwai kwamitin da ya tantance shi kafin a taɓa ko mutum ɗaya, amfanin kawai maimakon mai shan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, ta riƙa tafiyar awa uku a mota tana amai, ga shi a garinsu, ta dawo ta kwana cikin 'ya'yanta.

Abin da nake so Yaya ta fara tambaya shi ne binciken mataki na nawa ne, don nan ne bambancin yake. Mataki na 1 mutane kaɗan ake ɗauka, 'yan gomomi, ana neman gane adadin da jiki zai iya ɗauka ne, to shi kam akwai lalube a ciki. Na 2 ana duba ko yana taɓa ciwon. Na 3 kuwa ɗaruruwa ne ko dubbai, ana kwatanta sabon da wanda aka saba bayarwa, kuma kwamfuta ce take jefa ƙuri'ar wa zai samu wanne, ko likitan bai da ta cewa. Mutanenmu sun fi tsoron wai za a ba su ƙwayar bogi a bar ciwo yana cin su, a ciwon daji in dai akwai maganin da aka san yana aiki ba a hana mutum shi, sai dai a ɗora sabon ko na bogin a kai.

Za a ba ta takardar amincewa, shafi ashirin ko fiye, da jerin illolin da ake tsammani. Kar ta sa hannu a tsaye wallahi, ta kai gida ta karanta da maigidanta da biro a hannu tana ja wa duk inda ba ta gane ba layi, in Turancin likitoci ya yi mata nauyi ta nemi tafinta, haƙƙinta ne. Ta tambayi nas ɗin da ke kula da binciken sau nawa za a ɗebi jini, hoto nawa za a ƙara, wa zai biya me, don yawanci masu binciken su ke biyan sabon maganin, sauran kulawar kuma inshora ce, kuma inshorar ba duka suka zama ɗaya ba. Ko bayan ta sa hannu duk ranar da ta ce ta fasa ta fasa kenan, a ci gaba da ba ta magani yadda aka saba.

Ba zan ce miki sabon ya fi tsohon ba, da an sani ai da ba a yi binciken ba, zai iya fi, zai iya zuwa da wahalar da ba ta biya ba. Amma Herceptin da ake ba masu wani nau'in sankarar mama yau har a nan Najeriya, ta wannan hanyar ya bi kafin a amince da shi a 1998.

Duk binciken da aka yi wa rajista a shafin intanet na ClinicalTrials.gov yana da lamba mai farawa da NCT, ki ce ta turo miki ki duba a can. Sannan ranar da likita zai yi mata bayani ta roƙe shi a kira Hajiya ta WhatsApp, ke ki zauna kusa ki riƙa fassara mata, ta yi tambayoyinta da bakinta.