Amsa kan waƙar Bohemian Rhapsody

Ɗan'uwa ka tambaya meye asalin waƙar nan ta ƙungiyar mawaƙan Ingila mai suna Queen, kuma wai da gaske ne tun fitowarta kowa ya yaba mata. Gaskiya ba haka aka yi ba.

Ni a kaset ɗin yayana na fara jinta, irin wanda in zaren ya warware sai mu sa biro mu naɗe, kuma abin da ya fara tsayar da ni shi ne jin Bismillah a tsakiyar waƙar Turawa, sai da na mayar baya har sau uku dan in tabbatar ba kunnena ba ne. Daga baya na san Freddie Mercury, babban mawaƙin ƙungiyar da ya rubuta ta, a Zanzibar aka haife shi a 1946, iyayensa 'yan Parsi ne daga Indiya ba Musulmi ba, amma ai wanda ya yi yarinta a can kalmar ba baƙuwarsa ba ce.

Ta fito 31 ga Oktoba 1975, minti shida saura kaɗan, babu amshi ko ɗaya, ta fara a sanyaye da fiyano ta faɗa opera (salon waƙar wasan dandamali na Turawa mai manyan muryoyi) sannan gita ta ɓarke. Sashen operan nan mutum uku ne kacal daga 'yan ƙungiyar, Mercury da Brian May da Roger Taylor, suka yi ta ɗora murya kan murya har tef ɗin ya kusa sudewa. Mutanen kamfanin da ke fitar musu da waƙa suka ce ta yi tsawo ba gidan rediyon da zai saka, sai Kenny Everett, mai gabatar da shiri a gidan rediyon Capital Radio na Landan, ya saka ta sau 14 cikin kwana biyu, shikenan jama'a suka hau nema, ta yi sati 9 a lamba ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Ingila.

Masu sharhi kuwa kansu ya rabu, wasu suka yaba aikin situdiyon, wasu suka ce burga ce kawai da kwaikwayon opera. Ni ban ga laifinsu sosai ba, nima jin farko sashen tsakiyar nan hayaniya na ɗauke shi, sai da na kwana biyu da ita ta zauna min.

Bayan rasuwar Mercury a 1991 ta sake komawa lamba ɗaya, fim ɗin Wayne's World kuma ya kai ta lamba biyu a Amurka a 1992. In za ka ji, dan Allah ka sa abin kunne ka ji ta gaba ɗaya, kar ka tsallake wajen fiyanon farko.